Wuyan Ragon Kafinta

Wuƙar da nake yanka da ita a shekarun nan ba tawa ba ce, ta Baba ce. Ya fi shekara arba'in yana yi wa mutanen Tarauni yanka da ita, ragon suna, ragon layya, ɗan akuyan sadaka, har zakaran da mace za ta yi wa mijinta farfesu. Da idonsa ya tafi, sai ya kira ni zaure wata safiya, ya lalubo ta a ƙarƙashin buzunsa, ya miƙo mini ita a cikin kubenta. Ya ce, "Duk abin da ka yanka da ita, mutane ci za su yi ba tambaya. To, ka sani." Iyakar huɗubar ke nan. Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, na yi aure, na sauke, na fara littattafai, kuma kaina ya fi rawanina girma.

Baba kuwa mutum ne da ban taɓa ganin irinsa a kan abin da zai sa a bakinsa ba. Idan mangwaron maƙwabci ya faɗo cikin gidanmu, ba zai sha ba sai an je an tambayo mai bishiyar. Idan aka kawo masa kyautar hatsi, sai ya ji daga gonar wa ya fito. Ba ya tsangwamar kowa, ba ya ɗaga murya, kawai dai ba zai ci ba. Ya haura saba'in, kuma duk Tarauni an san haram ba ta taɓa bi ta maƙogwaronsa ba. Ni ne mai hayaniyar gidan. Ni ne mai zama a ƙofar masallaci bayan asuba ina rarraba mutane, wannan ɗan aljanna, wancan sai dai Allah ya kyauta.

Turawa ba su tafi ba tukuna a wannan zamanin. Tarauni da Gyadi-Gyadi ba su haɗe ba kamar yanzu, gonaki ne a tsakani, da wata siririyar hanya da ake bi ta cikinsu. A bakin hanyar Zariya, can Gyadi-Gyadi, akwai wani kafinta mutumin kudu, Kirista, da ya kama gidan ƙasa yana zaune da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Yawancin 'yan uwansa suna Sabon Gari, shi kaɗai ya zaɓi zama cikinmu saboda a nan yake samun aiki. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da fensir a bayan kunne. Hausarsa a karkace take, amma ba ya jin kunyar yin ta. Shi ya gyara ƙyauren masallacinmu da ya karye, aka yi aka yi ya faɗi ladansa, ya ce ɗakin Allah ne, a bar maganar.

Ni fa? A kan bencin da ya yi nake zama ina cewa bai kamata a ba shi hannu ba. Ni na tare shi wata rana na ce in ya zo gaida Baba ya tsaya daga waje, kada ya tsallako mana dokin ƙofa. Bai yi musu ba. Tun daga ranar sai ya tsaya a bakin zaure, ya cire hula, ya rusuna ya yi gaisuwa. Baba ya ce, "Shigo mana, Kafinta." Shi kuma ya ce, "Nan ma ya isa, Baba." Bai taɓa faɗa masa dalili ba.

Duk da haka akwai abin da ke kai ni gidansa sau ɗaya a shekara. Yana kiwon rago tun daga damina domin Kirsimeti, kuma ba ya yarda ya yanka da kansa. Musulmi yake kira ya yanka, don washegari in matarsa ta dafa shinkafa da nama aka rarraba wa maƙwabta, kowa ya ci hankalinsa kwance. A da Baba ne yake zuwa, da ya makance sai abin ya dawo kaina. Al'adarmu kuwa wuyan dabba na mai yanka ne. Mahauci in ya gama fiɗa, shi zai kai wuyan gidan malamin da ya yi yankan. Ina zagin mutumin a ƙofar masallaci, ina cin wuyan ragonsa a cikin gida, kuma ko sau ɗaya abin bai taɓa tsaya mini a rai ba.

A shekarar da nake ba da labari, mun yi da shi zan zo ranar jajibirin Kirsimeti da an idar da asuba, domin yana da bencuna da zai tura a amalanke zuwa cocinsu a Sabon Gari. Aka idar da salla, mutane suka zauna, bakina ya buɗe. Ban so in tashi a gabansu a ce Malam yana sauri zuwa gidan Kirista. Sai na ja zance, na ƙara ja, har rana ta fito ta yi hantsi. Kafinta ya jira ya gaji, ya tafi da bencunansa, matarsa ta bi shi don ta yi cefane. Suka bar wa yayan matar gidan.

Wannan yayan matar dattijo ne a cocinsu, akawu a wani kanti, ya zo yin bikin tare da su. Mutum ne mai laktaye da tabarau, littafinsu kullum a hammata. In na faɗi gaskiya, ni da shi tamkar an tsaga kara ne, sai dai kowa da irin hularsa. Da na iso na same shi a zaure yana karatu da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji. Muka gaisa sama-sama, ya shige gaba zuwa bayan gida inda turken yake.

Subhanallahi! Ragon yana rataye. An jibge harawa a bayan wata gajeruwar katanga, shi kuma ya hango ta ya tsallaka, igiyar ba ta kai ba. Ƙafafunsa na baya suna taɓa ƙasa da ƙyar, harshe a waje. Farin rago ne mai baƙi a kewayen ido, yaran gidan sun sha wahalar kiwonsa. Ya yi ta shure-shure har ya gaji, mai tsaron gida yana zaure yana karanta littafi, mai yanka yana ƙofar masallaci yana wa'azi.

Muka sauke shi. Na taɓa ƙwayar idonsa, ko ƙiftawa. Na ja wutsiya, na dafa ƙirji, na kara kunne a hanci. Babu komai. Na san hukuncin sarai, domin ko mako ba a yi ba da na karantar da shi: dabbar da ta shaƙe ta mutu kafin wuƙa ta kai, mushe ce.

Dattijon ya durƙusa ya shafa cikin ragon. Ya ce, "Malam, ai da ɗuminsa. Taɓa ka ji."

Na ce, "Ɗumi ba rai ba ne."

Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni. "Ni aka bar wa gida, kai kuma ka makara. In maigidan ya dawo, me za mu ce? Mu addininmu bai takura mana a kan abinci ba. Ku ne masu doka, kuma a nan kai ne dokar. In ka ce ya motsa, ya motsa."

Ba zan ɗora masa laifina ba. Bai riƙe mini hannu ba. Abin da na hango kawai shi ne gobe a ce a ƙofar masallaci Malam ya tsaya surutu har ragon mutane ya mutu. Na fuskantar da shi alƙibla, na zare wuƙar Baba, na ambaci sunan Allah da ƙarfi don maƙwabta su ji ta bayan danga, na yanka. Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya dai ɗan gangaro, baƙi, mai kauri, ko gindin ramin da aka haƙa bai rufe ba. Dattijon ya yi maza ya tura ƙasa da ƙafarsa.

Muna nan sai ga mahaucin unguwarmu, tsoho mai ƙarancin magana, ya zo fiɗa. Ya dubi ramin, ya dubi ragon, ya ce, "Malam, jinin nan fa?"

Na ce, "Kai ne malamin ko ni?"

Ya hau aikinsa. Ni kuma na wanke wuƙa na fice, domin ana jirana a Unguwar Gano wurin addu'ar bakwai. A hanya na yi ta gina wa kaina fatawa. Wanda ya ci bai sani ba, ba shi da laifi. Ɓarnar dukiya ma ai haramun ce. Kafin in isa har na kusa yarda cewa wutsiyar ta ɗan girgiza. Na ja addu'a a wurin nan mai tsawo, har wata tsohuwa ta yi kuka ta bayan labule. Wallahi tallahi, duk wannan lissafin da na yi, ko sau ɗaya ban tuna da wuyan ba.

Bayan azahar na kamo hanyar gida ta cikin gonaki. An gama girbi, sai tarin kara nan da can. Ina tafe sai na ji gudu a bayana, na waiga. Kafinta ne. Ba hula, ba takalmi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, yana haki kamar zai faɗi. Mutumin da ya haura hamsin, ya turo amalanke har Sabon Gari ya dawo, ga shi yana tsallake kunyoyin gona a guje. Na tsaya ina shirya abin da zan ce in ya tare ni da faɗa. Bai ko tsaya ba. Ya wuce ni yana cewa, "Wuyan, Malam! Baba!"

Sai a lokacin na tuna. Mahauci ya riga ya kai wuyan gidanmu tun da hantsi, kuma maiɗakina ta san Baba ba abin da yake so irin romon wuya, ba ta taɓa bari ya kwana. Na tattare babbar riga na bi shi. Rawanina ya warware ya faɗi a gonar wani, ban tsaya ɗauka ba.

Ya riga ni isa. Ina daga nesa na ga ya kai bakin zaurenmu, wurin da ya saba tsayawa, ya tsallake dokin ƙofar ya faɗa ciki. Na ji muryarsa, "Baba, kada ka ci! Don Allah kada ka ci!"

Da na shiga, Baba yana zaune a kan buzunsa, akushi a gabansa, tururi yana tashi. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, yatsunsa suna bakin akushin. Kafinta ya zube a gabansa ya rufe akushin da tafukansa biyu, duk da zafin.

Baba ya janye hannu a hankali. Ya ce, "Wane ne? Kafinta? Yau ka shigo ke nan. Lafiya?"

"Baba, naman nan ba shi da kyau. Ragon shaƙewa ya yi."

"Kana wurin?"

"Ba na nan, Baba. Na dawo na ga shaidar igiya a jikin fata, na ga jini kwance cikin nama. Mahauci ma an ce ya ƙi ɗaukar rabonsa. Na tambayi yayan matata, ya yi ta kewaye-kewaye, na sa ya ɗora hannu a kan littafin da yake riƙe da shi, sannan ya faɗa mini. Ba abin da ya fita daga gidan sai wuyan nan."

Baba ya ce, "To kai mene ne naka na gudu haka? Ai ku an ce ba ruwanku da wannan."

Kafinta ya ce, "A littafinmu ma an hana cin abin da ya shaƙe, Baba. Da yawa a cikinmu sun tsallake wurin, ni ban tsallake ba. Kuma ko da ba a hana mu ba, ku an hana ku. Ranar da na kira Musulmi ya yanka mini, na yi muku alkawari ke nan cewa abin da zai fito daga gidana halal ne. In ka ci wannan, ƙarya na ba ka a baki."

Baba ya ce, "Ashe a naku ma akwai?"

"Akwai, Baba."

Tsohon ya ɗaga makafin idanunsa sama, ya ce "Allahu Akbar" can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa. Ina tsaye a jikin bango ina kallon mutane biyu, ɗaya makaho ɗaya ba takalmi, kowannensu ya ɗauki abin da aka saukar masa da gaske, kamar yanzun nan aka faɗa masa a kunne. Na yi shekaru ina karanta tsoron Allah a takarda ina fassara wa mutane. Ranar nan na gan shi da idona a zaurenmu, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Har zuwa nan Kafinta bai ambace ni ba, bai ma dubi inda nake ba. Amma makaho yana jin numfashin ɗansa. Baba ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye.

"Kai ka yanka?"

"Ni ne, Baba."

"Ya motsa?"

Ba wanda zai iya ƙaryata ni a wurin. Kafinta ba ya nan aka yi, ya faɗa da bakinsa. Dattijon cocin kuwa maganarsa ba za ta yi nauyin tawa ba a Tarauni. Da na ce wutsiya ta girgiza, Baba zai yarda, domin bai taɓa kama ni da ƙarya ba, kuma zai mayar da hannunsa cikin akushin nan ya ci. Na dubi hannun, busasshe, da ɗigon ruwan wanki a kai. Na dubi ƙafafun Kafinta, ƙaya ta yayyanke su, jini yana tsatstsafowa a kan daɓenmu.

Na ce, "Bai motsa ba, Baba."

"Ka sani kafin ka ɗora wuƙa?"

"Na sani."

"Da ka ɗora, me ka ce?"

Na ce, "Na ambaci sunan Allah."

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da Inna ta rasu. Ranar nan suka zubo, suka bi gemunsa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya miƙo hannu kawai. Na kwance wuƙar daga ƙuguna na ɗora masa, ya mayar da ita ƙarƙashin buzu inda ta fito.

Maiɗakina tana bayan ƙofa tana jin komai. Ta fashe da kuka ta ce ta ɗanɗana romon don ta ji gishiri. Baba ya ce, "Je ki kurkure bakinki, 'yata, ba ki da laifi. Laifin yana kan wanda ya sani." Sannan ya sa ta kawo ruwan ɗumi da man kaɗanya, ya ce a ba Kafinta ya wanke ƙafarsa. Ni na ɗauki ƙwaryar na ajiye masa.

Da yamma Kafinta ya haƙa rami a bayan gidansa ya binne ragon gaba ɗaya, har fatar. Yaransa suna tsaye suna kuka. Washegari shinkafa da wake aka rarraba wa maƙwabta, ba ko tsoka ɗaya. Wasu suka yi ta yi masa dariya, wai bana Kafinta ya yi rowa. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Ragon ya shaƙe, ba shi da kyau." Yayan matarsa ya hau kekensa ya koma Sabon Gari tun kafin a sauke tukunya. Na haɗu da mahauci bayan kwana biyu, na ce don me ya kai wuyan gidanmu alhali yana zargi. Ya ce, "Ai kai ne malamin. Na ce in halal ne, gidanku ya fara ci."

Shekara guda ban yi yanka ba. In aka zo nema sai Baba ya tura wurin ladan, ya ce ɗansa yana hutawa. Mutane suka yi ta zato, ba wanda ya san gaskiya, domin Kafinta bai faɗa ba, mahauci bai faɗa ba. Na daina zaman ƙofar masallaci. Ba wanda ya hana ni, kawai in na buɗe baki sai in ji muryata tana ambaton sunan Allah a kan mushe, sai in rufe.

Da shekara ta zagayo, ana saura kwana biyu bikinsu, Kafinta ya zo. Ya tsaya a bakin zaure kamar yadda ya saba, sai da na fita na kamo hannunsa na shigo da shi. Ya gaida Baba, ya ce ragon bana ya isa yanka. Baba ya ce zai aika wa ladan.

Kafinta ya ce, "A'a, Baba. Malam nake so."

"Ka manta bara?"

"Ban manta ba. Ina nan zaune ya ce bai motsa ba, alhali ba mai kama shi."

Baba ya sa hannu ƙarƙashin buzu.

Ranar jajibiri ana sallame asuba na fita, ko addu'a ban tsaya an shafa ba. Na yanka, jini ya yi tsartuwa har ya ɓata mini riga, ragon ya yi ta shure-shure. Da azahar maiɗakina ta kawo akushi ta ajiye a gaban Baba. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, sai ya dakata, ya juyo inda nake.

"Ya motsa?"

Na ce, "Har ya shure ni a gwiwa, Baba."

Ya sa hannu ya ci, ya shanye romon duka.